Tarihin Wani Harafi: Masu Sauya Jinsi da Abokan Tafiyarsu a Amurka

Duk mai sauraron rediyo ko mai karanta jarida a wannan zamani ba zai rasa cin karo da waɗansu haruffan boko guda huɗu da a ke jerawa tare ba, watau LGBT, wani lokaci kuma a ƙara musu Q a ƙarshe. Haruffan nan suna ne na wata tarayya ta mutane iri-iri, wadda ta samo asali daga ƙasashen Turai da Amurka. Harafin L yana nufin mata masu son mata, G maza masu son maza, B kuwa waɗanda su ke son maza da mata duka. Q suna ne da a ke game duk wanda ya ga bai shiga sahun da aka saba ba. Harafin T shi ne na masu sauya jinsi, shi ne kuwa za mu ba da tarihinsa a nan, domin ba a banza ya sami wurin zama cikin jerin nan ba, har wa yau kuma zamansa bai daina rawa ba.

Kafin mu shiga labari, ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Haruffa uku na farko duk maganarsu ɗaya ce, watau wa mutum ya ke so. Harafin T kuwa maganarsa dabam ce, watau me mutum ya ɗauki kansa. Mai sauya jinsi shi ne wanda aka haifa namiji, amma a ransa yana jin shi mace ce, har ya nemi ya zauna cikin jama'a a kan haka. Ko kuwa wadda aka haifa mace, ta ke jin ita namiji ne. Waɗansunsu sukan tsaya ga sauya suna da tufafi, waɗansu sukan kai ga shan magani da aikin likita. Kada a gama su da mata-maza, gama su mata-maza a halittar jiki abin ya ke tun ran haihuwa. A cikin wannan labari za mu kira kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa, tun da ya ke da shi aka san shi a littattafan tarihi.

To, in maganar ba ɗaya ba ce, me ya haɗa su tafiya ɗaya? Abin da tarihin zai nuna mana ke nan.

Likitan Berlin

Farkon wanda ya zauna ya rarrabe al'amarin a rubuce, har duniya ta ji, wani likita ne Bayahuden Jamus, sunansa Magnus Hirschfeld. A zamaninsa akwai wata doka a Jamus, sashe na 175, wadda aka kafa tun 1871, mai ɗaure duk namijin da aka kama ya sadu da namiji. Cikin 1897 Hirschfeld ya kafa ƙungiya don neman a soke wannan doka. Yana cikin wannan aiki ya lura da cewa cikin masu zuwa wurinsa akwai waɗansu da damuwarsu dabam ce. Su abin da su ke so shi ne su sa tufafin ɗaya jinsin, su yi zamansu haka. Cikin 1910 ya buga littafi a kansu, ya nuna su iri ne mai zaman kansa. Har ya sa baki 'yan sandan Berlin suka riƙa ba waɗansunsu takardar izini, wadda za su nuna in an tare su a hanya saboda shigarsu.

Cikin 1919 ya buɗe wata cibiya a Berlin, wadda ta haɗa asibiti da ɗakin karatu da masauki. Nan mutanen nan iri biyu suka zauna inuwa ɗaya. Wata ma'aikaciyar gidan, Dora Richter, tana cikin na farko a duniya da aka yi wa cikakken aikin tiyata na sauya jinsi, cikin 1931. Amma abin bai daɗe ba. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933, mutanensa suka fasa cibiyar ran 6 ga Mayu, bayan kwana huɗu kuma suka tara littattafanta a dandali suka cinna musu wuta. Hirschfeld yana ƙasar waje sa'an nan, bai sake taka Jamus ba, ya rasu a Faransa cikin 1935. Masu ƙona littattafan nan ba su tsaya rarrabe wane ne wane ba, duk kuɗin goro suka yi musu.

Masu Kwat da Masu Titi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai labarin ya ƙaura zuwa Amurka. Ran 1 ga Disamba 1952 wata jaridar New York ta buga a shafinta na farko cewa wani tsohon sojan Amurka ya tafi ƙasar Denmak, likitoci sun mai da shi mace. Ita ce Christine Jorgensen. Da ta komo gida cikin 1953, 'yan jarida suka yi mata caa a filin jirgin sama, sunanta ya gama duniya. Daga nan ne talakawan Amurka da yawa suka fara jin cewa akwai irin wannan abu.

A daidai lokacin nan kuma maza masu son maza da mata masu son mata sun fara kafa ƙungiyoyinsu. Ta maza, mai suna Mattachine, an kafa ta a Los Angeles cikin 1950. Ta mata kuwa, Daughters of Bilitis, a San Francisco cikin 1955. Zamani ne na tsoro ƙwarai, gama cikin 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a wani umurni wanda ya zama sanadin korar dubban irinsu daga aikin gwamnati. Saboda haka dabarar ƙungiyoyin nan ita ce su nuna wa jama'a su mutane ne kamar kowa, masu aiki, masu kamun kai. Daga 1965 zuwa 1969, ko wace shekara ran 4 ga Yuli, sukan yi jerin gwano cikin natsuwa a birnin Philadelphia. Shugabansu Frank Kameny, wanda shi kansa an kore shi daga aikin gwamnati cikin 1957, ya kafa sharaɗi: maza su zo da kwat da laktaye, mata su zo da rigar mata. Mai karatu ya ga ke nan, namijin da ke shigar mata ba shi da wurin tsayawa a wannan sahu.

Ga shi kuwa su ne suka fi kowa shan wuya a hannun hukuma. Namiji mai son maza yana iya sa kwat ya tafi ofis, ba wanda zai sani. Mai sauya jinsi kuwa ba shi da maɓoya, duk inda ya bi an gan shi. Garuruwa da yawa na Amurka suna da dokar hana mutum fita da tufafin da ba na jinsinsa ba. San Francisco ta kafa tata tun 1863. Iyaye sun kore su, masu ba da aiki sun ƙi su, masu gidajen haya sun ƙi su. Da yawansu suka ƙare a titi, waɗansu suna karuwanci don su sami abin sawa a baki. Wuraren da a ke barinsu su zauna kaɗan ne, su ne kuwa mashaya da gidajen abinci inda maza masu son maza su ke taruwa. Watau wahala ce ta fara haɗa su, tun ba a yi zancen ƙungiya ba.

Dare Biyu

Cikin watan Agusta 1966, a wata unguwar talakawa ta San Francisco mai suna Tenderloin, akwai wani gidan abinci da a ke kira Compton, wanda ba a rufe shi dare da rana. Nan masu shigar mata su kan zauna da dare. Masu gidan suka gaji da su, suka riƙa kiran 'yan sanda. Wani dare ɗan sanda ya cafki ɗaya daga cikinsu, ita kuwa ta watsa masa gahawa a fuska. Nan take wuri ya yamutse, aka yi ta jifa da kwanuka da kujeru, aka farfasa tagogi, faɗa ya fita har titi. Jaridu ba su kula da abin ba, ya kusa ɓacewa, sai da wata masaniyar tarihi, Susan Stryker, ta tono shi, ta yi fim a kansa cikin 2005.

Dare na biyu shi ne wanda duniya ta sani. A unguwar Greenwich Village ta New York akwai wata mashaya mai suna Stonewall, wadda miyagun 'yan Mafiya ke da ita. Ran 28 ga Yuni 1969, bayan ƙarfe ɗaya na dare, 'yan sanda suka kai mata sumame. Al'adarsu in sun zo, sai su jera mutane, su duba takardunsu, su ware masu shigar mata, a kai su bayan gida a duba ko maza ne, a kama su. A wannan dare mutane suka ƙi. Waɗanda aka sallama ba su watse ba, suka tsaya a ƙofa, jama'a ta yi ta ƙaruwa, aka fara jifa da kwabbai da kwalabe, har 'yan sanda suka koma cikin mashayar suka kulle kansu. Aka yi kwanaki ana tarzoma a unguwar. Da shekara ta kewayo, ran 28 ga Yuni 1970, aka yi jerin gwano don tunawa da wannan dare, shi ne asalin bikin da su ke yi ko wace shekara cikin watan Yuni.

Waɗanda suka yi faɗan Stonewall gauraye su ke: samari marasa gida, da maza masu son maza, da mata masu shigar maza, da maza masu shigar mata. Daga cikinsu sunaye biyu suka fi fita. Ta farko Marsha P. Johnson, baƙar fata, haifaffiyar 1945. A kan ce ita ta fara jifa, amma ita da bakinta ta ce ko da ta iso an riga an fara. Ta biyu ƙawarta Sylvia Rivera, haifaffiyar 1951, wadda ta bar gida tun tana wajen shekara goma sha ɗaya. Masana suna gardama ko tana wurin a daren farko. Abin da ba a gardama a kansa shi ne aikin da suka yi daga baya. Cikin 1970 suka kafa ƙungiya mai suna STAR, suka kama wani tsohon gida, suka riƙa kwantar da yaran titi irinsu, suna ciyar da su da abin da suka samo da daddare. A lura kuma, a zamanin nan kalmar da a ke kiran masu sauya jinsi da ita yanzu ba ta bazu ba tukuna, su kansu masu shigar mata su ke kiran kansu.

Kura da Shan Bugu

Hausawa sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bayan Stonewall sababbin ƙungiyoyi suka tashi, suka nemi majalisar birnin New York ta kafa dokar hana korar mutum daga aiki ko gidan haya saboda wanda ya ke so. An gabatar da ƙudurin cikin 1971. Rivera ta sha yawo a titi tana tara sa hannun jama'a dominsa, har aka kama ta. Amma shugabannin tafiyar suka ga in an sa batun masu shigar mata a ciki, 'yan majalisa ba za su yarda ba, sai aka bar su a waje. Duk da haka ƙudurin bai wuce ba sai 1986, shekara goma sha biyar ke nan.

Daga wajen mata ma aka sami tsagi. Waɗansu mata masu son mata suna ganin namijin da ya sa rigar mata ya yi kwalliya ba'a ya ke yi wa mata, ba su kuma yarda wanda aka haifa namiji ya shiga taron mata ba. Rigimar ta fito fili cikin Yuni 1973, a wajen bikin shekara a dandalin Washington Square na New York. Aka hana Rivera magana, ta yi kokawa har ta karɓi makirfo, jama'a suna yi mata ihu. Ta tuna musu da 'yan'uwansu da ke kurkuku, waɗanda ba su da wanda za su rubuta wa takarda sai ƙungiyar STAR. Ta ce an doke ta, an ɗaure ta, ta rasa aiki da ɗaki saboda wannan tafiya, ga sakayyar da ta samu. Wata shugabar mata, Jean O'Leary, ta hau ta soki masu shigar mata. Daga baya, bayan shekaru, ta ce ta yi nadama. Rivera kuwa ta bar tafiyar, ta yi kusan shekara ashirin ba a jin ɗuriyarta sosai.

Likitoci ma suka daɗa raba su. Cikin Disamba 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi ɗaya daga littafinta na cututtuka. Cikin 1980 kuwa ta shigar da sauya jinsi cikin wannan littafi. Watau a daidai lokacin da aka sallami ɗaya, aka kwantar da ɗayan.

Yadda Aka Sake Haɗuwa

Abin da ya sake haɗa su wata wahala ce kuma. Daga 1981 cutar ƙanjamau ta faɗa musu, ta yi ta kashe maza masu son maza da masu sauya jinsi ba zaɓe, gwamnati kuwa ta yi jinkirin taimako. Suka haɗu a asibiti da makabarta, suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wannan zamani ne wani mutum mai suna Lou Sullivan ya warware wani kuskure da likitoci suka daɗe a kai. An haife shi mace cikin 1951, ya koma namiji, kuma maza ya ke so. Likitoci suka yi ta ƙin yi masa aiki, don a ganinsu duk wanda ya koma namiji dole mata zai so. Ya yi ta rubuce-rubuce yana musu bayani har suka fara ganewa. Cikin 1986 ya kafa ƙungiyar taimakon irinsa a San Francisco, ya rasu da ƙanjamau cikin 1991. Rayuwarsa ta nuna abu biyu: maganar jinsi da maganar so dabam su ke, amma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun. Ashe ke nan ba yadda za a raba gidan nan biyu ba a tsaga waɗansu mutane a tsaka ba.

Cikin shekarun 1990 masu sauya jinsi suka kafa ƙungiyoyinsu, intanet kuma ta zo ta sada waɗanda ke warwatse. Jihar Minnesota ta zama ta farko da ta sa su cikin dokarta ta hana wariya, cikin 1993. Kashe-kashe kuma suka ja hankalin jama'a. A ƙarshen 1993 aka kashe wani saurayi mai sauya jinsi, Brandon Teena, a Jihar Nebraska. Cikin Nuwamba 1998 aka kashe wata baƙar fata, Rita Hester, a ɗakinta a Boston. Saboda ita ne aka fara ranar tunawa da waɗanda aka kashe, cikin 1999, wadda a ke yi ran 20 ga Nuwamba. A cikin shekarun nan ne manyan ƙungiyoyi, ɗaya bayan ɗaya, suka ƙara harafin T a sunansu da manufarsu. Rivera ta komo fage, ta ci gaba da faɗa har ta rasu cikin Fabrairu 2002. Bayan wata biyu da rasuwarta birnin New York ya shigar da masu sauya jinsi cikin dokar nan da aka bar su a wajenta.

Gwaji Biyu

Sa harafi a suna abu ne mai sauƙi, riƙe shi ran wuya shi ne aiki. Cikin 2007 aka kawo wa Majalisar Wakilan Amurka ƙudurin hana wariya a wurin aiki, wanda ya game su duka. Ɗan majalisa Barney Frank, wanda shi kansa mai son maza ne, ya ƙidaya ƙuri'u ya ga ba za su isa ba, sai ya cire masu sauya jinsi. Hujjarsa ita ce, a karɓi abin da ya samu, a nemi saura daga baya. Amma wannan karo ba kamar 1971 ba ne. Ƙungiyoyi fiye da 300 suka ce ba su yarda ba, ko duka ko a bari. Ƙudurin ya wuce Majalisar Wakilai cikin Nuwamba, ƙuri'a 235 da 184, amma ya mutu bai fita daga Majalisar Dattawa ba.

Abin da majalisa ta kasa, kotu ta yi. Wata ma'aikaciyar kamfanin shirya jana'iza a Jihar Michigan, Aimee Stephens, ta gaya wa maigidanta cikin 2013 za ta riƙa zuwa aiki a matsayin mace, ya sallame ta. Aka haɗa ƙararta da ta waɗansu maza biyu, Gerald Bostock da Donald Zarda, waɗanda suka ce an kore su saboda son maza. Ran 15 ga Yuni 2020 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 a kan 3, ta yanke cewa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ta hana wariya saboda jinsi, ta kāre su duka. Hujjar kotu guda ce a kan ƙararrakin uku: ba yadda za a kori mutum saboda ɗayan abubuwan nan ba tare da an dubi jinsinsa ba. Stephens ba ta ga ranar ba, ta rasu wata guda kafin hukuncin.

Inda Magana Ta Tsaya

Bayan da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi ɗaya cikin 2015, gardamar siyasa ta koma kan masu sauya jinsi. Ana gardama a kan wasannin mata, da kurkukun mata, da bayan gida, da ba yara magani. Cikin masu haruffan farko ma akwai waɗanda ke ganin a raba tafiya. A Ingila har sun kafa ƙungiya cikin 2019 mai haruffa uku kaɗai. Jihohi da yawa na Amurka sun hana ba yara maganin sauya jinsi, cikin Yuni 2025 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan doka ta Jihar Tennessee. Ta wajen likitoci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sauya jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa cikin 2019.

Mashayar Stonewall da dandalin da ke gabanta sun zama wurin tarihi na ƙasa cikin 2016, zamanin Shugaba Obama. Ran 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umurnin cewa jinsi biyu kaɗai gwamnati ta sani, kuma ba su sauyuwa. Cikin Fabrairu hukumar da ke kula da wurin ta goge harafin T da Q daga shafinta na intanet. Washegari jama'a suka taru a dandalin suna ƙin haka, cikinsu kuwa har da maza masu son maza da mata masu son mata, magadan waɗanda suka yi wa Rivera ihu cikin 1973.

To, jama'a, ga tarihin harafin nan. Mai karatu yana da nasa ra'ayi a kan al'amarin, amma in ya sake cin karo da haruffan a jarida, ya san cewa mutane ne iri-iri waɗanda sanda ɗaya ta kora zuwa zaure ɗaya, ya kuma san tambayar da ta bi su tun daga 1971: in ribar tafiya ba ta isa kowa ba, shin a ci a bar na baya, ko a jira shi?